Ƙofofi Uku da Huhun Goro

A shekarar 2009 na yi wani dogon hutu a Agege, a gidan kawuna wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana dillancin goro a Zango. Duk daren da za a nuna shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda Frank Edoho yake gabatarwa, zauren gidan yakan cika da samari 'yan dako da 'yan acaɓa, kowa ya nemi gefen tabarma. A shekarar ce Aroma Ufodike ya amsa tambayoyi 15 duka ya tafi da naira miliyan 10, saboda haka zancen shirin ya cika gari. Wani dare sai ga wani ɗan takara ya tara kuɗi mai kauri, yana da damar ya tashi da abinsa, amma ya zaɓi ya amsa tambaya ta gaba. Ya faɗi, mafi yawan kuɗin ya zube. Zaure ya kaure da salati. Kawu, wanda ba ya cika tanka wa talabijin, ya ce, "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ni kuwa a lokacin ina tsakiyar karatun digiri na biyu, ina jin kaina. Sai na ce bari in nuna masa cewa wannan wasa yana da kaka a Amurka.

Kakan shi ne Let's Make a Deal, wanda aka fara nunawa a tashar NBC a ƙarshen shekarar 1963, mai gabatarwa kuma Monty Hall ne, haifaffen Kanada. Yakan shiga cikin 'yan kallo ya zaɓi mutum, ya ba shi kuɗi ko wani kaya, sa'an nan ya tambaye shi ko zai musanya da abin da ke cikin akwati ko bayan labule. Wani ya dace da firji, wani ya tarar da akuya. Amma zagayen ƙarshe shi ne gishirin shirin, ana kiransa Big Deal, wato babban ciniki. Monty Hall yakan bi waɗanda suka ci kaya a ranar, ya fara da wanda ya fi samu, yana tambayar kowa ko ya yarda ya mayar da duk abin da ya ci domin a ba shi damar shiga. Mutum biyun farko da suka yarda su ne za su tsaya gaban ƙofofi uku, kowa ya zaɓi ɗaya. Bayan ƙofa guda akwai kyautar da ta fi kowace tsada a ranar, sau da yawa mota ko tafiya ƙasar waje. Bayan sauran biyun akwai kaya masu ƙarancin daraja, waɗanda ta yiwu ba su kai abin da mutum ya mayar ba. Galibi kuma ƙofar babbar kyautar ita ake buɗewa a ƙarshe, don a ja ran mai kallo.

Da na gama bayani, Kawu ya dube ni ya ce, "Shi mai shirin, ya san abin da ke bayan ƙofofin?"

Na ce, "Ya sani mana, Kawu."

Ya ce, "To, ai wannan ba ciniki ba ne." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Abin da ya fara zo mini a rai, wanda kunya ta hana ni faɗa, shi ne: ai kai ma, Kawu, rufaffen kaya kake sayarwa. Duk wanda ya san sana'ar goro ya san huhu. Ana shimfiɗa ganyen fita, a jera goro, a naɗe, a ɗaure tamau. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, goron ƙasar Yarabawa ya riƙa hawa jirgi zuwa Arewa, kuma wannan fatauci yana cikin abin da ya zaunar da Hausawa a Agege. Mai saye ba ya zazzage huhu ya ƙirga ƙwarya-ƙwarya. Yakan leƙa baki ne kawai. Ta yiwu an jera marsa a sama an cusa minu a ƙasa. Ta yiwu sankara ta shiga tsakiya. Idan haka ne, ina bambancin huhu da ƙofa ta biyu?

Shekaru na yi kafin in gane cewa tambayar Kawu ta riga ta ƙunshi amsar, kuma abin mamaki masana lissafi ne suka taimake ni. A 1975 wani masanin ƙididdiga, Steve Selvin, ya ƙirƙiro wata matsala daga wannan shiri, wadda ta yi suna bayan Marilyn vos Savant ta amsa ta a mujallar Parade a 1990. Ga yadda take. Ƙofofi uku ne, mota a bayan ɗaya, awaki a bayan biyu. Ka zaɓi ƙofa. Mai shirin, wanda ya san inda motar take, ya buɗe ɗaya daga cikin sauran biyun ya nuna maka akuya, sa'an nan ya ce ko za ka sauya. Yawancin mutane sukan ce duk ɗaya ne, tun da ƙofa biyu suka rage. Ita ta ce a sauya, kuma ita ce da gaskiya. Zaɓinka na farko yakan dace sau ɗaya ne cikin uku. A sauran biyun akuya ka riƙe, kuma a nan mai shirin ba shi da wata ƙofar da zai iya buɗewa sai ta ɗaya akuyar, wato wadda ya bari a rufe ita ce ta mota. Ke nan mai sauyawa yana ci sau biyu cikin uku. Wasiƙu kimanin 10,000 aka aika mata, kusan 1,000 daga masu digirin dakta, mafi yawansu suna ce mata ta yi kuskure. Mu masu wannan digiri ya kamata mu riƙa tuna labarin nan lokaci-lokaci. (Da Bahaushen kasuwar dabbobi ta Oko-Oba aka kai, ina jin ba zai ɗauki akuya a matsayin faɗuwa ba, sai dai ya tambayi ko tana da ciki.)

Abin lura shi ne, ƙofofin ba su motsa ba, motar ma ba ta motsa ba. Sanin mai shirin ne kaɗai ya sauya lissafin. Shi kansa Monty Hall ya ƙara wani bayani a hirar da jaridar New York Times ta yi da shi a 1991: lissafin yana tsayawa ne idan dole ne mai shirin ya buɗe ƙofa ya ba da damar sauyawa kowane lokaci. Idan yana da 'yancin ya ba da damar sa'ad da ya ga dama, yana iya tayin ne kawai lokacin da ka riga ka riƙe motar, don ya raba ka da ita. A ainihin babban cinikin nasa ma ba a sauya ƙofa bayan an zaɓa. Ashe wanda ke tsaye gaban ƙofa yana auna zuciyar mutumin da ya san abin da shi bai sani ba, kuma ba shi da ma'aunin.

A nan huhu da ƙofa suka rabu. Dillali ma ya san abin da mai saye bai sani ba, amma saninsa shi ne abin da ake biyan la'ada a kansa. Idan ya ce huhun nan daushe ne mai kyau, kalmarsa ta zama lamuni. In aka kwance a Kano aka tarar da algus, maganar za ta dawo Zango, ta zo gaban maigidan da ya sauki baƙon, in ta ƙi ta kai gaban Sarkin Hausawa, kuma dillalin da aka kama sau biyu ya gama cin abinci a wannan kasuwa. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari na masu gida da dillalai a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969. Malaman fiƙihu sun riga shi da ƙarnoni. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin cikin dabba, saboda garari, amma ta halatta sayen abin da ke cikin ɗaurin kaya bisa takardar da ta siffanta shi. Duka biyun ido bai gan su ba. Na biyun yana da wanda ya siffanta, wanda za a kama in siffar ta saɓa. Mai ƙofofi uku bai siffanta kome ba, saboda haka ba ya taɓa yin ƙarya, ba kuma a taɓa kama shi. Rashin saninka shi ne jarinsa.

Wani zai ce, to wa aka cuta? Mutum ya zo hannu rabbana, ko ya faɗi bai yi asarar abin gidansa ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba ni da hurumin ba da fatawa a kanta. Sai dai zagayen ƙarshe an gina shi ne daidai don ya rushe ta. Ba a gayyatar wanda bai ci kome ba. Sai an bari abu ya zama naka, ka taɓa shi, matarka da ke cikin 'yan kallo ta riga ta ga inda za ta ajiye shi a ɗaki, sa'an nan a ce ka mayar. Abin da tashar take sayar wa masu talla shi ne fuskarka a wannan daƙiƙa, mu kuma da ke kan tabarma mu ne masu saye. Na tuna yadda muka yi ta ihu a zauren Kawu muna cewa mutumin nan ya amsa, alhali ba ko sisinmu a ciki.

Ban ce kowace kasada abin zargi ba ce. Duk samarin da ke zauren nan sun bar ƙwai a baka, wato gona da gida a Katsina ko Maraɗi, sun biyo kazar Ikko. Shi kansa Kawu haka ya zo. Amma wanda ya taho ci-rani ƙarfinsa da haƙurinsa suna da hannu a abin da zai samu, kuma ba wanda ya riga ya san ƙarshensa yake kallonsa yana murmushi. Abin da ke damuna shi ne, a zuwana Agege na baya-bayan nan na tarar ƙannen waɗancan samari ba sa taruwa gaban talabijin. Kowa yana duƙe kan wayarsa, ko yana tsaye a rumfar cacar ƙwallo da 'yar takarda a hannu, yana zuba kuɗin dakon yini. A can ma akwai wanda ya yi lissafinsa tun kafin a buɗe rumfa, kuma ba ya zama a Zango, balle a kai ƙararsa gaban maigida.

Kawu ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa rumfar. Da na je gaishe shi na ba shi labarin motar da awakin, na yi masa lissafin sau biyu cikin uku dalla-dalla, ina jiran ya yaba. Ya saurara har na gama, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "Ɗana, shi wanda ya buɗe maka ƙofar, a wace unguwa yake kwana?"