KADA KA ƊAGA HANNU TUN BA KA KAI BA

Karanta Ibraniyawa 12:1-3.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, Littafi Mai Tsarki ya kan kwatanta zaman mai bi da tsere. A watan nan muna so mu ɗauki koyarwa daga wata 'yar'uwa wadda ta yi tsere da hannuwanta, gama ƙafafunta ba su da ƙarfi.

Sunanta Jean Driscoll. An haife ta a birnin Milwaukee na ƙasar Amurka a shekara ta 1966, da ciwo a ƙashin bayanta. Tana yarinya ta kan yi tafiya da ƙyar. Sa'anda ta kai shekara 14 ta faɗi daga kan keke, ƙugunta ya goce. Likitoci suka yi mata aiki har sau biyar, amma bai gyaru ba. Daga nan ta koma bisa keken guragu.

A birnin Boston a kan yi babban tsere kowane watan Afrilu, tsawonsa mil 26 da 'yan kai. Masu keken guragu su ma su kan shiga, suna tura keken da hannu, hawa da gangara. Jean ta shiga a 1990 ta zo ta fari. Haka ta yi ta ci kowace shekara har 1996, sau bakwai a jere.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1997 ƙafar kekenta ta maƙale a layin dogo da ke tsakiyar titi, ta kife. Aka tashe ta, ta ƙarasa tseren, amma Louise Sauvage ta ƙasar Ostiraliya ta riga ta. A 1998 Jean tana kan gaba, saura ƙiris ta kai, sai ta ɗaga hannuwanta don murna. Nan take Louise ta wuce ta, ta ci. A 1999 kuma Louise ce ta ci. Shekara uku ke nan a jere!

Da waninmu ne, watakila da ya ce, sau bakwai ya isa, bari in huta da sauran mutuncina. Jean ba ta yi haka ba. Ta koma ga horon jiki da addu'a, gama ita mai bi ce. A shekara ta 2000 ta sake shiga, ta ci na takwas. Bayan da ta bar tsere ta riƙa yawo tana yi wa jama'a jawabi a kan jimiri. Ta kuma je ƙasar Gana ta koya wa naƙasassu wannan tsere, har waɗansunsu suka je gasar naƙasassu ta duniya a Atina a 2004.

To, ina koyarwa a gare mu?

Ta fari, kada mu ɗaga hannu tun ba mu kai ba. Da yawa a cikinmu mun soma da kyau. Mun yi ajin baftisma, mun jimre da ba'a da ƙiyayyar dangi, har an sa mu dattawan ekklesiya. Sai mu ga kamar tsere ya ƙare. Mu sake da addu'ar safe, Littafi ya yi ƙura a kan taga. A daidai nan ne Shaiɗan ya kan wuce mu. Dauda ba a filin yaƙi ya faɗi ba, a bisa soron gidansa ne, bayan nasara mai yawa. Dubi gargaɗin Bulus cikin 1 Korintiyawa 10:12.

Ta biyu, faɗuwa ba ita ce ƙarshen tsere ba. Akwai waɗanda aka yi musu horo a ekklesiya, kunya ta hana su komowa. Akwai mai bishara wanda ya yi shekaru a ƙauye bai ga ko mutum ɗaya ya tuba ba, zuciyarsa ta karai. Ɗan'uwa, Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, duk da haka Yesu ya ba shi kiwon tumakinsa. Ka tuba, ka tashi, ka komo.

Ta uku, wanda aka tashe shi sai ya tashi wani. Da ba a ɗaga keken Jean a 1997 ba, da ba ta ƙarasa ba. Wa ke kwance a gefen hanya cikin ekklesiyarku? Ku je gidansa a makon nan.

A Boston mutum ɗaya ne ya kan zo na fari. A tseren bangaskiya kuwa, dukan wanda ya ƙarasa zai karɓi rawani. Bari mu zuba ido ga Yesu, wanda bai ce an gama ba sai da ya gama. Allah ya ba mu jimiri har ƙarshe. Amin.