Goyo Ba Sangarta Ba Ne

 

Ya 'yan'uwana mata, akwai maganar da ake yawan faɗa wa mai jego: wai kada ta riƙa ɗaukar jariri da ya yi kuka, za ta saba masa da hannu. To, mu ɗora wannan magana a kan sikelin Sunna mu gani.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan kuma taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwar ya tashi. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa cewa mai hana jinƙai shi ma za a hana masa. Sannan a Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A 1951 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan illar raba ƙaramin yaro da kulawar uwa. A ƙasar Romaniya kuma, wani bincike da aka fara a 2000 a kan yara 136 na gidajen marayu ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da iya shaƙuwa da mutane. Dalili a fili yake: jaririn da in ya yi kuka ake zuwa, yana koyon cewa akwai mai jin sa. Da wannan natsuwar zai shiga makarantar allo, da ita zai yi abota, da ita zai riƙe nasa iyalin.

Alhamdu lillahi, mu goyo gadonmu ne. Daga Birnin Kebbi har Argungu, mace na daka, tana sussukar shinkafa, ɗanta na bayanta ɗaure da majanyi. Amma akwai al'adu biyu da ya kamata mu sake dubawa.

Ta farko, kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ko kuka yake sai ta kau da kai don kada a ce ba ta da kunya. Kunya tana cikin imani, gaskiya ne, amma yaro bai san alkunya ba. Abin da ya sani kawai, Inna tana dariya da ƙannensa, shi ba ta yi da shi.

Ta biyu, yayen dare ɗaya. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a kwashi yaro a kai shi gidan kaka a wani gari. Rana guda ya rasa nono, ya rasa baya, ya rasa fuskar uwarsa. Me zai hana a rage shayarwar sannu a hankali, ana ƙara masa kunu da abinci, yana ganin uwarsa? In kuwa dole sai an kai shi, to ya zama wurin wadda ya riga ya saba da ita.

'Yar'uwa, ba a ce ki ɗauki nauyin ke kaɗai ba. Uba da kaka da goggo, har abokiyar zama mai tsoron Allah, duk hannuwan rahama ne. Wadda lalura ta hana ta shayarwa kuma ba ta da laifi, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sangarta ita ce ki ƙyale mai wayo yana ɓarna ba kwaɓa. Ɗan wata shida kuwa kukansa shi ne maganarsa. Yaron da ya ƙoshi da ƙaunarki shi zai fi jin kwaɓarki gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su zame mana sanyin ido, Ya jiƙan iyayenmu da suka goya mu. Amin.