Salama Ko Shiru?

Akwai tambaya wadda ta daɗe tana damun masu tsoron Allah: mutumin da ya ƙi ɗaukar takobi, me za ya yi sa'ad da a ke zaluntar maƙwabcinsa? Bari mu duba zaman wani marubucin waƙoƙi na Amurka, John Whittier, ko ma sami haske.

An haife shi a 1807, ɗan manomi ne a jihar Masacusets. Iyayensa 'yan Jama'ar Abokai ne, watau Kweka, waɗanda ba su zuwa yaƙi ko kaɗan. A zamaninsa ana sayar da baƙaƙen mutane a kudancin ƙasar kamar awaki, masu ibada da yawa kuwa suka kame baki, wai kada a ta da fitina.

Whittier bai yarda wannan salama ce ba. A 1833 ya buga ɗan littafi da kuɗin kansa yana cewa a saki bayi nan da nan, ko da shi ke ya san wannan za ya toshe masa hanyar samun girma a mulki. A 1835 aka jefe shi da duwatsu a garin Konkod. A 1838 'yan tarzoma suka ƙone ginin da ofishin jaridarsa ya ke a Filadelfiya. Bai rama ba, bai kuwa yi shiru ba.

To, ga wurin da maganar ta yi wuya. Alƙalami bai kwance sarƙar ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Arewa da Kudu daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka mutu, kāna bayi wajen miliyan 4 suka sami 'yanci. Da Whittier ya ji ana buga ƙararrawa domin dokar hana bauta, sai ya rubuta waƙar godiya ga Allah. Wani ya iya cewa, ashe ya ci 'ya'yan itacen da ya ƙi hawa, har ma maganarsa ta taimaka wajen hura wutar.

Mu dai ba mu ga haka ba. Wanda ya nuna miki ba shi ne ya sare ka ba. A 1833 ɗin nan majalisar Ingila ta yi dokar sakin bayi a yawancin ƙasashen mulkinta, ba tare da yaƙin basasa ba. Da Amurka ta ji gargaɗi a shekaran nan, da wataƙila ba a kai ga jini ba. Shekara 28 da aka yi ana toshe kunne, su ne suka tara itacen wutar. Murnar Whittier kuwa domin sarƙar da ta karye ce, ba domin waɗanda suka faɗi ba.

'Yan'uwa, shiru yana da sauƙi, ya kan kuma yi kama da haƙuri. Amma zaluncin da aka ƙi tsauta masa da baki yau, 'ya'yanmu ne za su biya bashinsa gobe. Mai son salama na gaske ya yi magana tun da wuri, ya kuma yarda jifa ta sauka a kansa.