Alkawari Kaya Ne: Ma'anar Wa'adin 'Yan Zuhudu

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ya san nauyinsa. Saboda haka iyaye sukan damu sa'ad da ɗansu ko 'yarsu ta ce za ta shiga zuhudu a Ikilisiyar Katolika. Sukan ce, wa zai ba su jikoki? Ashe daidai ne mutum ya ɗaure ransa duka da magana ɗaya, alhali bai san abin da gobe za ta haifa ba?

Wa'adin nan kashi uku ne. Na fari talauci: ba ya riƙe dukiya don kansa, abin da ya samu na jama'ar gidan ne. Na biyu tsarkin rai cikin rashin aure: ba don aure abin ƙyama ba ne, gama Allah ne ya kafa shi, sai dai domin zuciyarsa ta zama ta Almasihu da ta kowane mabukaci. Na uku biyayya: yana neman nufin Allah ta bakin shugabanninsa, ko da ya saɓa wa son ransa.

Ikilisiya ba ta gaggawa a kan wannan. Bisa ga dokokinta na 1983, sai mai nema ya yi aƙalla wata 12 yana koyo, sa'an nan ya ɗauki wa'adi na ɗan lokaci, shekara 3 zuwa 6, kafin ya ɗauki na har abada. Wa'adin da aka ɗauka bisa tilas ko tsananin tsoro kuwa ba wa'adi ba ne. Ashe ba ƙwace 'yancin mutum ake yi ba. Shi da kansa yake miƙa shi, kuma ba mai kyauta da abin da ba nasa ba.

Amma ranar wahala ce take nuna gaskiyar alkawari. A Tibhirine, cikin duwatsun Aljeriya, akwai 'yan zuhudu Faransawa masu bin ƙa'idar Waliyyi Benedikt, wadda ta ƙunshi wa'adin zama daram da jama'a ɗaya a gida ɗaya. Suna noma tare da maƙwabtansu Musulmi, ɗayansu kuma, Ɗan'uwa Luka, likita ne mai duba marasa lafiya. Da yaƙin basasa ya tsananta, 'yan bindiga suka shigo musu a daren jajiberin Kirsimeti na 1993. Hanyar komawa Faransa a buɗe take, tsoro kuma ya kama su kamar kowa. Suka yi addu'a, suka yi shawara, suka zauna, gama mutanen ƙauyen ba su da wurin gudu. A watan Maris na 1996 aka sace bakwai daga cikinsu, har da shugabansu Christian de Chergé, aka kashe su. A 2018 Ikilisiya ta sa su cikin masu albarka a birnin Oran.

Ba mutuwa suka nema ba, aminci suka riƙe. Nan amsar tambayar iyaye take. Hakika mutum bai san gobe ba, amma ya san Wanda ya yi wa alkawari. Haka yake ga ango da amarya a gaban bagade, haka yake ga kowane Kirista ran baftismarsa. Ɗan zuhudu yana tunasar da su duka cewa ƙauna da ke jiran ta ga yadda gobe za ta kasance kafin ta amsa, ba ta kai ƙauna ba tukuna.