Jikinki Amana Ne: Nasiha Kan Ciwon Sukari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW).

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa Musulma, ki sani jikin nan naki amana ne, kuma tukunyar gida a hannunki take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari sun kai miliyan 830 a shekarar 2022. Idan aka yi sakaci da ciwon nan yakan taɓa ido da ƙoda, har ya kai ga yanke ƙafa, wa'iyazu billahi.

Wasu 'yan'uwa da zarar likita ya gaya musu, sai su ce sun bar nama, sun koma cin tsirrai zalla. To, cin ganye alheri ne, amma barin nama kaɗai ba ya sauke sukari. Abin da ya fi ɗaga shi shi ne abinci mai sitaci: farar shinkafa, burodi, taliya, garin rogo, malmalar tuwo. Jiki na mayar da su sukari, ko da babu tsoka ko ɗaya a kwanon. Balle lemon kwalba da kunun da aka zabga wa sukari.

Ga dabara mai sauƙi. Ki raba farantinki: rabi ganye, kamar zogale, rama, alayyafo ko kabeji, kwata wake, awara, ƙwai ko kifi, kwatan ƙarshe tuwo ko shinkafa. Wadda ta bar nama da ƙwai da madara gaba ɗaya ta nemi shawarar likita, don tana iya rasa bitamin B12.

Addininmu ya riga kowa. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya koya mana raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. Dabino da zuma masu albarka ne, amma su ma suna ɗaga sukari, sai a ci da lissafi.

Don Allah kada ki ajiye maganin asibiti saboda wata ta ce ganye kaza ya warkar da ita. Neman magani ba ya kore tawakkali. Idan azumi ya ƙarato kuma, ki ga likita tukuna. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Amin.