Ɗan aiken da bai san Haɗeja ba

Ɗana, na duba aikin da ka turo, manhajar da manomi zai yi wa tambaya a WhatsApp ta amsa masa. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Sai dai bayanin da ka rubuta wa kayan aikinta akwai gaggawa a ciki, kuma kai ka ce in faɗi gaskiya.

Ka fi ni sanin cewa ƙirƙirarriyar basirar nan ba ta ganin abin da ka gina a ciki. Abin da ke gabanta shi ne sunan kowane kayan aiki, 'yan layukan da suka bayyana shi, da guraben da za ta cike kafin ta kira shi. Haka tsarin yake tun da OpenAI ta fito da shi a Yunin 2023, haka yake a ƙa'idar MCP da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024. Ɗan aike ne mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda bai taɓa taka Haɗeja ba, takardar da ka damƙa masa ita ce iyakar saninsa. Inda ka bar giɓi ba lalle ya dawo ya tambaye ka ba, cikewa zai yi da zato, ya faɗa wa manomi ba tare da ɗar ba.

Ka rubuta: "Yana ba da farashin shinkafa." Wace shinkafa, shanshera ko gyararriya? A buhu ko a kwano? Kasuwar Haɗeja, Gujungu ko Maigatari? Farashin yaushe? Wanda ya ji farashin bazara alhali ana tsakiyar kaka, zai yi musu da dillali har ya koma gida da kayansa, ga kuɗin mota ya tafi. Layi huɗu sun isa su toshe wannan.

Na ruwa ya fi tayar mini da hankali. "Yana duba matakin ruwa," ka ce, shi ke nan. A ina ake awon? Ma'aunin Wudil daban, na madatsar Haɗeja daban. Tsayi ake aunawa da mita, ko yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa? Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, kogin Haɗeja bai ƙara bin damina kaɗai ba, yana bin abin da aka sako daga sama, kuma ruwan sai ya kwana a hanya kafin ya iso mu. Ga ciyawar kachala ta toshe wasu hanyoyin, ruwa na kwanciya inda da can wucewa yake. Saboda haka adadin da aka karanta a Wudil ba zai gaya wa mutumin Guri ko Kirikasamma ko gonarsa za ta nutse ba. Wannan maganar ce ya kamata ta zauna a cikin bayanin ƙarara: kayan aikin awon jiya yake bayarwa, a wuri kaza, ba ya hasashen ambaliya, mai wannan tambayar a tura shi ga sanarwar hukuma. Kana gari a 2022, ka ga mutanen Auyo da Kafin Hausa da kayansu a ka. Kada manhajarka ta ce wa irinsu su kwantar da hankali.

Sauran ƙanana ne. Kayan aiki guda biyu sunansu da bayaninsu kusan ɗaya, ka haɗe su ko ka raba musu aiki. Wanda ke tura saƙon sayen taki kuwa, rubuta cewa yana taɓa kuɗin mutum, kada a kira shi sai mai shi ya ce na yarda.

Abin da zan ɗan ja maka kunne a kai shi ne yadda ka auna aikin. Ka ce ka nuna wa na'urar bayanan ta ba ka maki mai yawa. Haba ɗana! Ai ta yaba tsarin jimla ne, ba ta san ana sayar da shanshera ba. Kai ma ba za ka iya zama alƙali ba, domin duk abin da ka manta rubutawa yana cikin kanka, idonka zai cike shi.

Miƙa bayanin ga abokin karatunka na Legas, kada ka ce masa uffan. Duk tambayar da ya yi maka, giɓi ce. Sannan ka tara tambayoyin manoma da masunta da bakinsu, yadda suke yin su a guntule, ka saka wa manhajar, ka zauna ka karanta abin da ta yi ɗaya bayan ɗaya: wane kayan aiki ta ɗauka, me ta cike, me ta yi da aka ce mata babu bayani. Ka sa har da tambayoyin da bai kamata ta kira komai a kansu ba, kamar mai neman maganin ciwon yaro. Duk ranar da ka canza ko da layi ɗaya, ka maimaita gwajin gaba ɗaya, don gyaran wannan kan ɓata wancan.

In ka shigo hutu, zan kai ka wurin masu noman rani a Auyo. Taho da littafi da biro, ka bar kwamfutar a gida. Ka gaida mahaifiyarka.