Zubar Da Ciki Na Ƙaruwa A Ƙasarmu: Ina Namu Laifin?

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda Ya halicce mu a cikin mahaifun iyayenmu mata, Ya ciyar da mu a can tun ba mu san roƙo ba. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yar'uwata, maganar da zan yi da ke a wannan fitowa mai nauyi ce, irin wadda ba mu cika yin ta ba sai a ƙuryar ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Maganar zubar da ciki ce. Na san wata za ta ce, "A'uzu billahi, wannan ai matsalar 'yan matan birni ce da mutanen Kudu, me ya haɗa ta da mu matan aure?" To ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Me alƙaluma suka nuna?

Da yake abu ne da ake yi a ɓoye, masu bincike ƙiyasi suke yi, ta hanyar bin asibitoci da tambayar ma'aikatan lafiya. Cibiyar Guttmacher ta Amurka tare da masanan Nijeriya sun ƙiyasta cewa a shekarar 1996 an zubar da ciki kimanin 610,000 a ƙasar nan. A 2006 adadin ya kai wajen 760,000. A 2012, a binciken da suka yi da Jami'ar Ibadan, ya kai miliyan 1.25. Ki raba wannan da kwanakin shekara, za ki samu sama da ciki 3,400 a kowace rana ta Allah.

Gaskiya ne jama'a sun ƙaru, domin ƙidayar 1991 ta ba da kusan mutum miliyan 89, ta 2006 kuma miliyan 140. Amma ba ƙaruwar jama'a ce kaɗai ba. A 1996, cikin kowace mata 1,000 masu shekara 15 zuwa 49, an ƙiyasta 23 ne suka zubar da ciki a shekara. A 2012 sun zama 33. Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: a yankinmu na Arewa maso Yamma 31 ne, a Arewa maso Gabas 41, alhali a Kudu maso Yamma, inda Legas da Ibadan suke, 27 ne. Kin ga ashe tsintsiyar a ɗakinmu ya kamata ta fara shara.

A wannan shekara ta 2012, mata 212,000 aka yi wa magani a asibiti saboda illar zubar da ciki, wasu 285,000 kuma sun sami mummunar illa ba su kai ga magani ba. Waɗannan ba lambobi ne kawai ba. 'Ya'yan wasu ne, matan wasu ne, iyayen wasu ne.

Abin da na ji da kunnena

Akwai wata ɗalibata a ajin matan aure, mai ƙoƙari da natsuwa, da ta ɓace mana sati uku. Ranar da ta dawo ta rame, idonta fari fat. Da aka tashi sai ta tsaya ta ce tana son magana da ni. Goyonta wata bakwai ta ga ba ta ga al'ada ba. Ta riga ta ga irin wulaƙancin da aka yi wa facalarta a gidan lokacin da ta yi kwanika, habaici a bakin murhu, dariya a wajen suna, har uwar miji tana cewa wasu ba su da aiki sai haihuwa kamar kaji. Sai wata maƙwabciya ta karɓo mata wani abu a kemis. Kwana uku tana zubar da jini tana ɓoyewa, sai da ta faɗi a tsakar gida aka kwashe ta zuwa asibiti, aka yi mata ƙarin jini. Ta ce da ni, "Malama, wallahi ba rashin hatsi ne ya fi tsorata ni ba, bakin mutanen gidanmu ne."

Tun daga ranar nake tambayar kaina: cikin waɗancan dubbai, nawa ne harshenmu ya tura?

Hukuncin Shari'a

Kada ki yi shakka, 'yar'uwa, ɗan da ke cikin ciki amana ce. A Suratul Mu'minun, aya ta 12 zuwa ta 14, Allah (SWT) Ya bayyana mana matakan halittarsa ɗaya bayan ɗaya. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), na huɗu a Arba'una Hadisi da muke karantawa a Islamiyya, ya nuna matakai uku ne na kwana arba'in-arba'in, sannan a busa rai, wato bayan kwana 120. Malamai sun haɗu a kan cewa zubar da ciki bayan busa rai haramun ne, kisan rai ne. Kafin nan akwai saɓani tsakanin mazhabobi, amma mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ba ya halatta tun daga shigarsa, ko da bai cika kwana arba'in ba. A zamanin Manzon Allah (SAW) wata mata daga ƙabilar Huzailu ta jefi wata da dutse, cikinta ya zube, sai ya hukunta diyya ta musamman saboda ɗan tayin, wadda ake kira gurra. Wanda aka yanka wa diyya kuwa ai mai alfarma ne.

Inda malamai suka ba da dama shi ne larura ta gaske, idan amintattun likitoci suka tabbatar cewa barin cikin zai halaka uwar. Dokar ƙasa ma a nan kaɗai ta yarda. Wannan kuwa shawara ce ta asibiti da malamai, ba ta mai kemis ko maƙwabciya ba.

Na san halin da ake ciki. Manomin Bakori ko Kafur da ya sayi taki da tsada masara ta zo ba ta yi daraja ba, da iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a Faskari da Sabuwa da Dandume suka dawo Funtua suna raɓe a gidajen dangi, duk sun san nauyin baki ɗaya idan ya ƙaru. Amma Allah Ya ambaci wannan tsoro da sunansa. A Suratul An'am aya ta 151 Ya hana kashe 'ya'ya saboda talaucin da ake ciki, a Suratul Isra'i aya ta 31 Ya hana saboda talaucin da ake tsoron zuwansa, kuma a duka biyun Ya ɗauki alkawarin arzikinmu da nasu.

Kwanika ba zunubi ba ce

Ga inda nake son ki saurare ni da kyau. Matar da ta samu ciki da mijinta na sunna tana goyo, wane laifi ta yi wa Allah? Babu. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito, daga Judamatu 'yar Wahbu (RA), cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana maza kusantar matansu masu shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yin haka kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya bari. To abin da Manzon Allah bai hana ba, mu su wane ne da za mu mai da shi abin kunya? Mun ɗauki halal mun yi masa gori, har 'yar'uwarmu ta gudu daga gorinmu ta faɗa haram. Ki tuna Suratul Hujurat ta hana mata yi wa mata izgili, ta hana mugun zato da cin naman juna.

Haka maganar da ake yi cewa nonon mai ciki guba ne. Ma'aikatan lafiya sun bayyana cewa mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa, abin da take buƙata shi ne abinci mai gina jiki da zuwa awo. Yaye na gaggawa da ake yi wa jariri a kai shi gidan kaka, shi ne sau da yawa yake jefa shi cikin tamowa.

Ƙofar da Shari'a ta buɗe

Musulunci bai rufe ƙofa ya bar mace a tsaye a rana ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Jihar Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, kimanin haihuwa 7.3 ga kowace mace. Zuriya alheri ce, amma jikin uwa ma yana da haƙƙi. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga mai son cikawa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Jabir (RA) ya ba da labarin cewa sahabbai suna yin azalu a lokacin da Alƙur'ani ke sauka, ba a hana su ba. A kan irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta ce ya halatta ma'aurata su ba da tazarar haihuwa ta ɗan lokaci bisa shawara da yardar juna, ta halastacciyar hanya marar cutarwa, ba tare da an taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da ta bayar ita ce a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Hana ciki shiga daban, fitar da shi bayan ya shiga daban.

To me za mu yi?

Na farko, ki zauna da maigida ku yi maganar tazara tun kina jego, cikin ladabi da hikima, ku je asibiti a duba abin da ya dace da jikinki. Kada ki sha komai a ɓoye.

Na biyu, idan ke uwar miji ce, ko uwargida, ko facala, ki kama bakinki. Mai kwanika tana buƙatar wanda zai karɓar mata goyo, ya taya ta surfe da wanki, ba habaici ba.

Na uku, duk macen da kika ga tana zubar da jini, a kai ta asibiti nan take, ko Babban Asibitin Funtua, ko na Malumfashi, ko wanda ya fi kusa. Kada a tsaya bincike. Ɓari da yawa daga Allah ne, babu hannun kowa, kuma zargin mai ɓari zalunci ne a kan ciwo. Ko da ita ta jawo, ranta ma rai ne.

Na huɗu, mu jawo 'ya'yanmu mata a jiki. Yarinyar da ta saba faɗa wa uwarta ƙaramar magana, ita ce za ta faɗa mata babba kafin ta yi nisa.

Ke kuma 'yar'uwata da kika taɓa aikatawa, kike ɗauke da abin a zuciya ke kaɗai, kada Shaiɗan ya yanke miki ƙauna daga rahamar Allah. Ki tuba tuba na gaskiya, ki nemi amintaccen malami ko malama ki tambayi abin da ya hau kanki. Ɗalibata ta yi haka, kuma har yanzu tana cikin ajinmu.

Allah Ya tsare mana imaninmu da zuriyarmu, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu ikon kame harsunanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.